Tambari Ya Leƙa Ƙwaƙwalwar Na'urar Ban-Ruwa

In kana neman mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka yanke masa cibiya, kada ka wahalar da ƙafarka, tafi Wurno ka tambayi Tambari. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, kowane ɗa ya tashi da littafi a hammata, amma da aka zo kan Tambari sai karatun ya yi tsalle ya wuce. Ya dai je Sakkwato ya fara kwas ɗin kwamfuta, bai ƙarasa ba, ya dawo da jakar ratayawa da tabarau marar magani. Ya buɗe shagon buga takardu, ya sa aka rubuta "Injiniya" a allon shagon da baƙi mai girman da ya ninka na sunansa.

Kawunsa, Alhaji Attahiru, shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu noman rani a fadamar Taloka. Ƙungiyar ta haɗa ƙarfi ta kafa famfo mai aiki da hasken rana, yana jawo ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. A wani ɗan ɗakin bulo kusa da farantan sola aka ajiye kwamfuta. Manhajar da ke cikinta ita ke buɗe ƙofar bututun kowane manomi in lokacinsa ya yi, ta rufe in ya cika, ta buɗe wa na gaba. Malama Sa'adiyya ce ta rubuta manhajar, injiniya ta gaske wadda ba ta taɓa rubuta hakan a allo ba.

Ƙungiya na neman wanda za ta naɗa mai kula da na'urar. Tambari ya ƙwallafa rai a kan muƙamin nan har ba ya cin abinci da daɗi. Ya riga ya gaya wa masu shayin ƙofar shagonsa cewa an ba shi. Ya riga ya ɗinka babbar riga ta ranar karɓar aiki. Uwarsa ta yi ta aike wurin ƙanenta, har Alhaji Attahiru ya gaji ya ce to, Malama za ta tafi Rabah kafa wata na'urar, a ba yaron makullai ya riƙe na gwaji. In ta dawo ta iske komai lafiya, kwamiti ya naɗa shi.

Ana cikin haka kuma ga rigima ta kunno kai. Inna Kaltume, wadda lambunta ke can ƙarshen layi, ta rantse na'urar tana da son kai: ruwan shugaba ya fi na kowa daɗewa. Saboda wannan ƙorafi ne Malama Sa'adiyya ta kira Tambari kafin ta tafi, ta zaunar da shi gaban wata tsohuwar laftof.

"Malam Tambari, ka ga wagga manhaja? Dibaga sunanta. Da ita muke leƙa cikin wata manhaja tana tsakar aiki. Na rubuta mata ɗan jerin umarni, ta shiga ƙwaƙwalwa ta karanto mintocin kowane manomi, don Inna Kaltume ta gani da idonta. Amma ban gwada shi ba tukuna."

"Ƙaramin abu na," in ji Tambari.

"Gwada shi nan, ga laftof. Kwafin manhajar na ciki, ba ya haɗe da bututu ko ɗaya. Adireshin ma'ajiyar mintoci da nis sa cikin umarnin na kwafin na, ba na babbar ba. Kuma ka lura: dibaga in ta kama manhaja tsaida ta takai cik, sai ka ba ta izinin ci gaba. Kada ka kusanci babbar da ita. Kana ji na?"

"Malama, mu da munka yi wannan tun muna aji ɗaya?"

Bai ji komai ba. Tun daga "shiga ƙwaƙwalwa" hankalinsa ya tashi ya bar ɗakin. Yana ganin kansa tsaye gaban jama'a yana karanta zuciyar na'ura, kwamiti na jinjina kai, Kawu na share hawaye. Gwaji a tsohuwar laftof, shi kaɗai a ɗaki ba mai tafi? Wannan ai aikin ɗalibai ne.

Motar Malama ba ta gama fita daga fadama ba ya fara shiri. Da farko ya kwance sitiyarin ƙarfen da ake rufe babban bututu da hannu, ya haɗa da makullin akwatin wutar famfo, ya kai su shagonsa na Wurno ya kulle a durowa. A ganinsa manoma mutane ne masu ƙaiƙayin hannu, kuma na'ura ta zamani ba ta son kishiyar dabara. Daga nan ya bi lambu-lambu yana shela cewa ranar da ya sa, da hantsi, kowa ya zo. Zai buɗe ƙwaƙwalwar na'ura kamar yadda ake fasa kabewa, a ga wanda take so da wanda take ƙi.

Ranar ta zo. Manoma suka cika ƙofar ɗakin, wasu na leƙe ta taga. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi. Tambari ya iso da sabuwar babbar rigar nan, tana ƙara saboda sitaci. Ya ɗauko umarnin Malama daga laftof ya zuba a babbar kwamfuta, ya ture laftof ɗin gefe da bayan hannu.

Alhaji Attahiru ya ce, "Kai Tambari, ba ga waccan ƙaramar Malama tac ce a gwada ba?"

"Kawu, likita shina gwada allura ga hoto? Marar lahiya aka yi wa."

"To mu dai a yi a hankali. Yanzu haka ruwana ka zuba, kuma irin albasa na cikin fangalin, ko sati ukku bai yi ba."

"Kawu, karantawa kawai za ni yi. Ido shina ɓata abin da yak kalla?"

Ya naɗe hannun riga, ya miƙe yatsu har suka yi ƙas, ya haɗa dibaga da manhajar. A kusurwar allo akwai ɗan agogo da ke ƙirga mintocin mai ruwa. Nan take agogon ya tsaya.

Baba Mainasara, wanda lambunsa ke bin na shugaba, ya nuna da sanda. "Wancan abin da ka motsi, mi yas same shi?"

"Natsuwa ta yi," in ji Tambari. "Ta ga wanda ya hi ta."

"Ashe na'ura ma tana jin tsoro," wani ya ce daga taga.

"Na masu ilimi dai," in ji Tambari.

Ya danna. Baƙaƙe suka zubo a baƙin allo. Ya gyara tabarau, ya matsa kusa, ya ja baya, ya yi gyaran murya irin na mai karanta hukunci.

"Za mu hwara da mai ƙara. Inna Kaltume, mintocin da na'ura ta ware miki su na..." Ya tsaya yana ƙirga lambobin da yatsa, ya koma farko ya sake. "Biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da 'yan kai."

Can Baba Mainasara ya ce, "Awa nawa ke nan?"

Tambari ya zaro waya ya yi lissafi, ya ɗago da fuskar wanda ya kama ɓarawo da hannu cikin rumbu. "Kusan shekara dubu takwas."

"La ilaha illallahu!" in ji jama'a.

Inna Kaltume ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu. "Kai ɗan Wurno, dube ni da kyau. Ni ac ci ruwan shekara dubu takwas? Ni da barkonona ka mutuwa tsaye kamar an yi mai baki?"

"Inna, ba ni nic ce ba. Ƙwaƙwalwa ta."

"Ƙwaƙwalwar wa? Taka ko tata? Madatsar ma gaban idona anka gina ta, ina goye da ɗiyata Larai!"

"To ina kika kai ruwan?" wani maƙwabcinta ya jefa, yana ɓoye dariya. "Hito muna da shi, Kaltume. Ashe ke ad da gulbi ƙarƙashin gado."

"Uwarka ad da shi!"

Tambari ya ɗaga hannu a yi shiru, kamar alƙalin da kakansa ya kasance. Ya sake dannawa. "Baba Mainasara: sifili."

"Sifili mi?"

"Ba ka da ruwa. Ba ka taɓa samun ruwa ba. A ƙwaƙwalwar na'ura, Baba, kai ba manomi ba na."

Baba Mainasara ya dubi ƙafafunsa, da laka ta bushe a kai har ƙauri. "To jiya mi nib ba tumatirina? Fura?"

"Wannan sai a yi bincike. Mai yiwuwa na Inna Kaltume kaka sata."

Sanda ta tashi. Mutum biyu suka riƙe Baba Mainasara, mutum uku suka riƙe Inna Kaltume, wadda ba a ma taɓa ba amma ta ga dama ta samu. Alhaji Attahiru ya ce a karanta nasa a huta. Tambari ya danna. Wannan karon ko lamba ba ta fito ba, sai wasu 'yan akwatuna da alamar tambaya da wani abu mai kama da ƙafar kaza.

"Mi tac ce?" in ji Alhaji.

Tambari ya ƙura wa allon ido. "Na shugaba sirri na. Ta rufe shi da harshen injiniyoyi."

"Kun ji ko!" Inna Kaltume ta buga cinya. "Namu a bainar jama'a, nashi cikin lulluɓi! Ɗan 'yar'uwatai ya kawo muna ya wanke shi!"

Ba wanda ya san tsawon lokacin da aka ɗauka ana wannan. Rana dai ta hau tsaka, inuwar ɗakin ta shige ƙarƙashinsa. Baba Mainasara, da aka fitar waje ya huce, shi ya dawo da gudu irin wanda ba a san yana da shi ba.

"Alhaji! Lokacina ya wuce tuni, bututuna ko ɗigo babu. Naka ko bai tsaya ba. Fangalinka sun zama tabki, ruwa ya karya kunya ya hau hanya!"

Alhaji Attahiru ya leƙa ta ƙofa. Inda ɗazu irin albasarsa ke tsaye kore shar, yanzu sama ce kwance da gajimarenta. Kwaɗi har sun fara taron godiya.

"Tambari!"

"Kawu, kwantar da hankalinka. Wanga shi aka kira gwajin ƙarhin bututu."

"Ruhe min ruwa!"

Tambari ya juya ga allo. Agogon nan yana inda yake tun hantsi. Wani abu ya ɗan motsa a bayan kansa, kamar an taɓa gaya masa wata magana game da tsayawa da izini, amma bai kama ta ba. Ya rubuta "tsaya". Dibaga ta ce ba ta san wannan ba. Ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ta maimaita. Ya rubuta da Turanci, ya kuskure harafi, ta sake maimaitawa cikin haƙuri.

"Taurin kai gare ta," ya ce. "Bari in nuna mata."

Ya kai kibiyar allo kan ɗan kuros ɗin kusurwa, alamar rufewa, ya danna. Wani akwati ya fito da tambaya doguwa. Bai karanta ba, ya danna "I". Dibaga ta rufe, ta tafi da manhajar ban-ruwa gaba ɗaya. Allo ya koma hoton wani tsauni mai ƙanƙara.

"To ga shi nan," in ji Tambari. "Na kashe ta."

Aka leƙa waje. Ruwa na bulbula kamar an ƙara masa albashi.

"Wa kak kashe?" in ji Inna Kaltume. "Mai rufe ƙohwa kak kashe, ɗan nema, ka bar ƙohwa buɗe!"

Tambari ya sunkuya ya fizge wayar wutar kwamfuta daga bango. Allo ya yi baƙi. Fankar ɗakin ma ta tsaya, don ita ya fara fizgewa. Famfo kuwa layinsa daban, kai tsaye daga farantan sola, kuma rana ranar ta fito da niyya.

Alhaji Attahiru bai tsaya jiran ilimi ba. Ya tattare riga ya ruga wurin babban bututu, jama'a na biye. Ya kai hannu inda sitiyari yake, ya damƙo iska. Ƙarfe ne kawai tsirara, guntu, ba abin kamawa.

"Ina sitiyarin?"

"Na adana shi, Kawu."

"Ina?"

"Wurno."

"Wurno!" Alhaji ya maimaita, kamar an ce masa Makka. "To akwatin wuta, a kashe famfon. Kawo makulli."

"Suna tare. Durowa guda. Don tsaro."

"Tsaron wa?"

"Kada wani marar sani ya taɓa."

Wani ya kawo fartanya ya hau dukan kwaɗon akwatin. Kwaɗon na kirki ne, Tambari da kansa ya zaɓo shi, kuma shi ne abu ɗaya da ya yi daidai a makon nan. Fartanya ta karye. Ruwa ya gama da fangalin shugaba, ya tsallaka hanya, ya gangara layi-layi har ya shiga barkonon Inna Kaltume, ya kwantar da shi.

"Ga shekara dubu takwas ɗinki ta hwara isowa," in ji maƙwabcin nan. Wannan karon mutum uku ba su isa riƙe ta ba.

Alhaji ya zaro waya, ya kira Malama Sa'adiyya, ya sa a lasifika. Tambari ya miƙa wuya.

"Malama, barka da aiki. Albishirinki, umarninki shina karatu. Sai dai akwai 'yan kurakurai da nig gano miki..."

"Alhaji," in ji muryar daga Rabah, a natse, "ga wace kwamfuta yag gwada?"

"Ga babbar."

Aka ji ta ja numfashi. "Ya ba ta izinin ci gaba?"

"Ya dai kashe ta, ya cire wuta, ya kai sitiyari Wurno."

Malama ta ce, "Kada ya sake taɓa komi. Ko kujera. In an kunna ta yanzu sai an yi mata saiti, kuma ba ta waya ba. Ku ruhe farantan sola, dut, kada rana ta gan su. Famfon zai tsaya. Ina hanya, amma sai bayan magariba."

"Da mi za mu ruhe?"

"Da abin da kuka da shi, Alhaji."

Aka kwaso tabarmin dattawa, ba su kai rabi ba. Aka kawo buhunan taki, aka kawo zanen da ake shanya kuɓewa. Famfo ya rage murya amma bai yi shiru ba. Alhaji Attahiru, mutumin da ko matansa ba su cika ganin kafaɗarsa ba, ya tuɓe babbar riga gaban duniya ya shimfiɗa. Baba Mainasara ya kwance rawani. 'Yan kwamiti suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har sai ga shugabannin ƙungiya duka suna tsaye cikin laka da singileti, tumbi a waje. Inna Kaltume ta ba da gyale tana zagi. Saura faranti ɗaya.

Ido duka ya koma kan Tambari.

"Kawu, shadda ta. Ko wanki ba a yi mata ba."

"Tuɓe."

"Ƙa'idar aikin injiniya ba ta yarda..."

Inna Kaltume da Baba Mainasara, waɗanda ɗazu ake raba su, suka kama hannun riga ɗaya ɗaya suka zare shi daga ciki kamar ana fiɗar akuya. Aka shimfiɗa. Famfo ya yi tari biyu ya mutu.

Sai ƙarar ruwa da ke tsiyaya daga kunya zuwa kunya. Irin albasar Alhaji na yawo a kai, saiwa sama. Alhaji ya tsuguna ya tsamo guda, ya dube shi, ya sake shi.

Tambari ya gyara tabarau. A ganinsa shirun ya yi yawa, kuma shiru wuri ne da ya kamata mai ilimi ya cike.

"Jama'a, in an duba da idon basira, gwajin ya yi nasara. Mun tabbatar tana karantawa. Mun tabbatar bututu na da ƙarhi. Abin da ya rage kawai kwamiti ya zauna kan maganar naɗi, tunda ga shi kowa na nan."

'Yan kwamiti suka dubi juna, kowa ya rungume ƙirjinsa. Daidai nan iska ta taso daga gulbi, ta ɗaga gefen tabarma da shaddar Tambari. Rana ta leƙa, famfo ya yi gurnani, bututu ya tofa ruwa a ƙafar Alhaji.

Alhaji Attahiru ya miƙe a hankali. "Kwamiti ya zauna," ya ce. "Zo nan, ɗan 'yar'uwata. Kama wanga gehe da hannun dama. Kama wancan da na hagu. Miƙe hannuwa. Ƙara. Yawwa. In ka saki, in iska ta ɗaga ko da tahin hannu, in ɗigo ɗaya ya sake zuba cikin lambuna, da ƙahwa za ka koma Wurno, kuma ni zan raka ka da wagga sanda ta Mainasara."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har rana ta hwaɗi."

"To maganar muƙamin..."

"Shi na kaka riƙe. Ba mu da wani da za mu ba ka."

Jama'a suka watse neman fartanya da kwando, a ceci abin da zai cetu. Aka bar Tambari shi kaɗai, ƙirji manne da ƙarfe mai zafi, hannuwa a baje kamar fatar da aka shanya, tabarau na zamewa kan gumi ba hannun gyarawa.

Can la'asar wata motar albasa da ta fito daga kasuwar Goronyo ta rage gudu a kan hanya. Direban ya leƙo, ya ƙare masa kallo tun daga singileti har lakar ƙafa.

"Kai! Ba Injiniyan Wurno ba na? Lahiya? Mi kaka yi nan haka?"

Tambari ya ɗaga haɓa iyakar yadda tabarma ta bari.

"Wuce, malam, kada ka ɗauke min hankali. Dut na'urar ga, yanzu da hannuna taka aiki."